Waƙar da na zaɓa da kunne kawai a bikin makarantar Japan

A shekarata ta biyu ina karatu a Fukuoka na samu aikin wucin gadi na koyar da Turanci kwana biyu a mako a wata babbar sakandare, kuma a nan ne aka sa ni cikin masu zaɓar waƙoƙin bunkasai, bikin al'adu da makarantun Japan suke yi sau ɗaya a shekara. Namu ya faɗo a watan Satumba, Juma'a ta 'yan makaranta kawai, Asabar kuma ta iyaye da baƙi. Ɗaliban ƙungiyar watsa shirye-shirye sun ajiye akwati a bakin ofishin malamai, aka cika shi da takardun neman waƙa kusan sittin, sai malamar da ke kula da su ta roƙe ni in tace su zuwa ashirin, masu daɗi da saurin kiɗa, waɗanda za su tayar da taro. Na karɓa da farin ciki, domin wannan ne karo na farko da aka ba ni wani abu a makarantar da ya wuce darasin furuci.

Na zauna dare uku da abin saurare a kunne ina ƙirga bugun ganga, duk waƙar da ta yi sanyi in jefar da ita, duk wadda ta sa ƙafata motsi in riƙe ta. Yawancin waƙoƙin pop da rock na Japan gininsu ɗaya ne: baitin buɗewa, sai na biyu da ke ɗaga murya a hankali, sannan amshin da suke kira sabi, inda komai yake fashewa lokaci guda. Waɗanda aka yi domin buɗe shirin anime, wato katun na Japan, kuwa ana cusa duk wannan cikin kimanin minti ɗaya da rabi. Saboda haka na ɗauka minti ɗaya da rabi ya ishe ni yanke hukunci a kan kowace waƙa. Japanancina a lokacin yana kai ni kasuwa da ɗakin gwaji, amma ba ya kama kalmomin mawaƙiya da ke gudu a kan fiyano, kuma ban buɗe rubutun baitocin ko guda ɗaya ba.

Wadda na sa a gaba, wato ta buɗe biki a zauren motsa jiki, ita ce mafi armashi a cikinsu, kuma takardu bakwai ne suka nemi a sa ta. Da safiyar Juma'a ɗalibai suka zauna a ƙasa aji aji, aka rage fitilu, lasifika ta ɗauka, wasu suka fara tafi. Ina tsaye jikin bango cike da alfahari sai na ga wata 'yar aji ɗaya ta miƙe daga tsakiyar layi, ta toshe baki da hannun rigarta, ta ratsa tsakanin ƙawayenta ta fice ba ta ko ɗauki takalminta na cikin zaure ba. Malamar ɗakin jinya ta bi ta.

Da azahar malamar ƙungiyar ta kira ni gefe, ta miƙo mini takarda da baitocin waƙar a buge. Ta ce, "Sensei, ka karanta wannan kafin ka zaɓe ta?" Na ce a'a. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai bi layukan da yatsa tana fassara mini ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi waƙar nan mai kiɗan murna labari ne na masoya biyu da suka kashe kansu. Ba ta gaya mini abin da ya faru a gidan yarinyar ba, ni ma ban tambaya ba, fuskarta ta ishe ni bayani. Ta ƙara da cewa malamai suna taka tsantsan ƙwarai a wannan wata, domin wani rahoton gwamnatin Japan na 2015, wanda ya duba alƙaluman 1972 zuwa 2013, ya nuna cewa 1 ga Satumba, lokacin komawa makaranta bayan dogon hutu, ita ce ranar da aka fi rasa yara 'yan shekara 18 zuwa ƙasa ta wannan hanya.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, ni na fi kowa cancantar sanin wannan. Na tashi a inda ake auna waƙa da maganar da ke cikinta, inda ko kiɗa ya kai kiɗa ba wanda zai sa waƙar zambo a gidan biki bai san da wa ake ba. Amma da yake harshen ba nawa ba ne, sai na mayar da muryar mawaƙa wani abin kiɗa kamar jita, na manta cewa ɗaruruwan yaran da ke zaune a gabana kowace kalma tana shiga musu kai tsaye. Yawan masu neman waƙar ma ya yaudare ni. Abin da yaro yake saurare shi kaɗai a jirgin ƙasa, da zaɓinsa, ya bambanta da abin da makaranta take sakar wa kowa da kowa a zauren da aka rufe ƙofofinsa.

A yammacin nan na roƙi ɗalibai biyu 'yan aji uku su tsaya, muka buga baitocin sauran sha tara, muka zauna da ƙamus da jan biro. Mun cire uku: ɗaya ta rabuwa ce mai ɗaci da aka lulluɓe da kiɗan rawa, biyu kuma zagin manya ne tun daga farko har ƙarshe, ga shi gobe iyaye za su cika harabar. Yaran ne suka nuna mini abin da ya kamata in nema tun asali, wato waƙar da amshinta gajere ne har wanda bai san ta ba zai kama shi a zagaye na biyu, mai gurbin tafi ko ihu, irin waɗanda masu algaitar makaranta suke busa wa 'yan wasan besbol a gasar Koshien ta manyan sakandaren Japan. Sun kuma nace a sa tsofaffin waƙoƙin rock biyu na shekarun 1980, suka ce iyayensu sun haddace su.

Batun haƙƙin mallaka bai ba mu wahala ba. Sashe na 38 na dokar haƙƙin mallaka ta Japan ya yarda a sa waƙa ko a rera ta a taron da ba na riba ba ne, ba a karɓi kuɗin shiga ba, ba a kuma biya masu wasa ba, sai dai ɗora bidiyon a intanet ba ya cikin wannan sassauci, don haka muka hana.

Ranar Asabar, wajen ƙarfe biyu, ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin nan ta tashi a lasifikar haraba, sai na ga wani uba a layin rumfar yakisoba, wato soyayyiyar taliya, yana bin amshin da ƙarfi, faranti a hannu, 'yarsa tana jan rigarsa. Na ji sanyi a raina, amma idona yana ta neman yarinyar jiya a cikin taron, ban gan ta ba. Sai ranar Talata na same ta a kujerarta ta kusa da taga. Bayan darasi na je na sunkuyar da kai na ba ta haƙuri da Japanancin da na kwana ina maimaitawa, ita kuma ta ce ba komai, ta ci gaba da mayar da littattafanta cikin jaka.