Godiya ga waɗanda suka riƙe mana Inna a cikin jirgi

Assalamu alaikum. A madadin iyalan gidanmu na Jega, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa Inna ta dawo daga aikin Hajji lafiya. Alhamdu lillah. Masu zuwa barka da masu bugo waya, Allah ya bar zumunci.

Amma akwai mutum biyu da dole in ware.

Ranar tafiya mun raka ta filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Inna tana da ciwon suga, kuma ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ni da nake ganin na iya lissafi na ce mata kada ta damu, daga nan zuwa Madina bai cika kilomita 4,000 ba, awa biyar ce kawai. Na manta tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jirage suka koma kewaye. Tafiyar tasu ta haura awa shida, ban da zaman jira kafin a tashi. Ga shi ta sha maganinta tun a ƙasa, abincin jirgi kuwa ta ce ba ta san kansa ba, ta ture.

Can cikin tafiya gumi ya keto mata, hannu na rawa, magana ta fara sarƙewa. Wata baiwar Allah 'yar Argungu da ke gefenta ita ta lura. Ta kwance bakin gyalenta ta ciro dabino uku, tana ɓarewa tana sa mata a baki tana cewa, "Inna, daure ki tauna." Wata ma'aikaciyar jinya cikin maniyyatan ta taso ta gwada sugan, ta sa aka kawo lemo, ta tsuguna a gabanta har ta dawo hayyacinta. Ko sunanta Inna ba ta riƙe ba. Ta dai ce tana da tabarau, kuma maganarta irin ta mutanen Yawuri ce.

Mu a gida kuwa ido na kan waya. Ƙanena ya ƙara dagula lissafin da agogon Saudiyya, wanda ke gaban namu da awa 2, har ya ce sun yi awa uku da sauka. Ranar ba wanda ya runtsa.

Kakanmu da ƙafa ya je Makka ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru bai dawo ba. Inna ta ce da yana raye da ya yi mana dariya.

Hajiya 'yar Argungu, mun same ki, Allah ya saka da Aljanna, ya karɓi ibadarki. Ma'aikaciyar jinyar ce har yanzu muke cigiya. Duk wanda ya san ta, don Allah ya haɗa mu, Inna ta ajiye mata carbi da zamzam.