Komowa Legas daga Tema a Jirgin Filafili

Duk wanda ya san gaɓar tekun da ta miƙe daga Gana zuwa Najeriya zai gaya maka cewa fita daga Legas zuwa yamma ita ce aiki, komowa kuwa hutu ne. Dalili shi ne ruwan wannan yanki yana gudu daga yamma zuwa gabas kusan duk shekara, iska kuma galibi daga kudu maso yamma take kaɗowa, saboda haka ƙaramin jirgi mai filafili irin namu, wanda ya sha karkace-karkace kafin ya isa tashar Tema a Gana, da zarar ya juyo gida sai ruwa da iska su haɗu su yi ta ingiza shi. Maganar gaskiya ce, amma a ganina ba ta cika ba, domin sauƙin yana ƙarewa ne daidai inda mutum ya fara jin ƙanshin gida.

Tsakanin Tema da bakin tashar Legas akwai abin da ya ɗan haura mil 200 na teku, kowane mil kuwa mita 1,852 ne. Mun taso bayan damina ta ɗauke, hadarin nan mai tasowa daga gabas da guguwa ya yi sauƙi, hazon hunturu kuma bai riga ya yi kauri ba. Ni da uwargida kaɗai ne a jirgin, don haka muka raba dare awa uku-uku, ɗaya na riƙe da sitiyari, ɗaya na barci a ƙasa da rigar ceto a jikinsa. Salla ma karɓa-karɓa muke yi, a zaune idan tangaɗi ya yi yawa, muna kasaru. Wani abin daɗi shi ne alƙibla a nan tana gabas maso arewa, kusan inda hancin jirgin ya dosa, ba mu sha wahalar nemanta ba.

Abin da baƙon wannan gaɓa bai cika lura da shi ba shi ne rashin mafaka. Daga bakin kogin Bolta har Legas rairayi ne shimfiɗe da itatuwan kwakwa, babu lungu babu tsibirin da za a fake a bayansa, sai raƙuman ruwa da suke tahowa daga can kudancin Atilantika su fashe a bakin gaɓa. Wurin shiga na kirki biyu ne kawai, tashar Lome da ta Kwatano, dukansu kuma ɗan'adam ne ya gina su da duwatsu. Mun yada zango a Lome, muka leƙa Zango aka ci tuwo aka yi hira da Hausawan da kakanninsu fataucin goron Gwanja ya kawo su, waɗanda wasunsu daga baya suka riƙa loda huhunan goron a jiragen ruwan Turawa zuwa Ikko maimakon bin hanyar ayari. Kwatano kuwa ta nesa muka wuce ta.

Dare a wannan hanya na masunta ne. Manyan kwalekwalen katako suna fita nesa ƙwarai, da yawansu ba su kunna fitila sai sun ji motsi kusa da su, tarunsu kuma yana iya yin tsawon da ba ka zata ba. Wani dare ina ƙasa na ji uwargida ta buga katakon ƙofa da ƙafa, ta ce, "Alhaji, hau ka gani." Da na hau ban ga komai ba sai duhu, har sai da ta kama kafaɗata ta nuna mini wata 'yar tocila da ake kaɗawa can hagu, sannan jerin jarkokin roba suna lilo a kan ruwa, alamar taru. Ba ta ɗaga murya ba. Ta saki igiyar babban filafili kaɗan, ta karkata jirgin dama a hankali, muka bi gefen jarkokin har suka ƙare, wani daga cikin kwalekwalen ya yi mana kirari da harshen da ba mu ji. Ta ce mini, "Koma ka kwanta, lokacinka bai yi ba."

Ba zan ɓoye batun 'yan fashin teku ba, tun da shi ne tambayar farko da 'yan'uwa a Agege da Obalende suke yi mana. A shekarar 2020 an sace ma'aikatan jirgi 130 a mashigin tekun Gini, daga cikin 135 da aka sace a duniya baki ɗaya. Lamarin ya ragu sosai bayan 2021, shekarar da Najeriya ta ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue, amma duk da haka ba ma sanar da kowa a intanet inda muke ko ranar da za mu iso, rediyonmu kuma kullum yana kan tasha ta 16, wadda jirage ke kiran juna da neman agaji a kanta.

Bayan an wuce saitin Seme da Badagiri, sai sama ta fara ja da dare saboda hasken Legas, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Kafin ka ga birnin za ka fara cin karo da manyan jiragen mai da na kwantena da suka jefa anga suna jiran layin shiga tashoshin Apapa da Tin Can, fitilunsu sun gauraye da na gari har ido ya kasa rarrabe wanda ke tsaye da wanda ya taso. Ƙaramin jirgi a tsakaninsu kamar mai keke ne a garejin tireloli: kai kake ganinsu, su ba lalle su gan ka ba. Saboda haka muka rage filafili, muka ƙi yarda ruwa ya kai mu bakin tasha kafin gari ya waye, ko da yake zuciya tana ta azalzala.

Ƙofar Legas ta teku wasu dogayen katangun duwatsu biyu ne da Turawan mulkin mallaka suka gina a farkon ƙarni na 20, da duwatsun da jirgin ƙasa ya yi ta kwasowa daga wajen Abeokuta. Kafin su, tudun yashin da ke bakin mashigar yana hana manyan jirage shiga, sai dai su tsaya a waje a yi jigila da ƙanana, kuma sai a 1914 jirgin wasiƙu na farko ya shigo ciki. Katangun sun buɗe tasha, amma sun tare yashin da ruwa ke kwasowa daga yamma, ya taru a gefen hasumiyar fitila, ya bar gaɓar Bar Beach da ke gabas teku na cinye ta shekara da shekaru, a wurin da yanzu aka cike aka kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic. Ga matuƙin ƙaramin jirgi, abin lura shi ne lokacin janyewar teku, sa'ad da ruwan tafkin Legas yake fitowa da ƙarfi ta wannan matsatsi ya yi karo da raƙuman da ke shigowa, wurin ya yamutse. Mun jira ruwa ya fara cikowa, muka tada inji, muka bar jajayen alamu a hagu da koraye a dama, muka raɓe gefe don wani jirgin kwantena da ke fita. Uwargida na gaba tana nuna mini tarin kainuwa da ledoji, domin leda ɗaya ta isa ta naɗe farfela a wurin da ba a son inji ya mutu.

Mun wuce Tarkwa Bay a hagu, kwalekwalen fasinja masu gudu suna ta watsa mana ruwa, muka nufi wajen kulob ɗin masu jiragen filafili da aka kafa tun 1932. Tutar rawaya tana sama, alamar cewa daga ƙasar waje muke, don haka ba mu taka ƙasa ba sai da jami'an shige da fice da na kwastan suka duba fasfo da takardun jirgi. Washegari muka sauke babban filafili don a kai wa maɗinki, aka kuma sa ranar da za a ɗaga jirgin a kankare ƙasansa.