Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kwana 11 ɗin nan

Salamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi jiya bayan la'asar aka sallamo mana maman yara daga asibiti, tana takawa da ƙafarta har tana yi min faɗa wai na bar ɗaki kaca-kaca. Waɗanda labari bai iske ba, jijjiga ce ta kama ta da ciki wata takwas wajen ƙarfe biyun dare, aka shiga da ita tiyata aka ciro namiji, ita kuma jini ya ɓalle mata. Yaron kwana huɗu ya yi a kwalba Allah ya karɓi abinsa, ko suna ba mu kai ga yi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san ta inda zan fara ba wallahi. Maƙwabcinmu mai adaidaita da ya fito da gajeren wando ya kai mu cikin daren nan kuma ya ƙi karɓar ko sisi, samarin majalisarmu da suka yi layi aka ɗebi jini leda biyar har ɗaya ya ga jiri aka sayo masa maltina, nas-nas ɗin da suka kwana a kanta, matan layinmu da suka riƙe min yara da abinci safe da dare, da waɗanda suka turo kuɗi ban ma san lambarsu ba, Allah ya saka muku da alheri ya raba ku da irin wannan dare.

Amma akwai godiya ta daban da nake son yi wa Kawuna, don ya ɗauke ni daga wani rami da na kusa faɗawa. Ranar da muka dawo daga maƙabarta ita ba ta ma farfaɗo ba balle ta san yaron ya rasu, muna zaune a benci ƙofar ɗakin da take ya ce min in ci gaba da addu'a. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ce Kawu kwana huɗu ina roƙo a kan yaron nan ban runtsa ba ga shi yanzu na binne shi, tunda an ce an rubuta komai shekara 50,000 kafin a halicci sammai da ƙasa to roƙona me zai ƙara me zai rage? Astagfirullah, amma haka na faɗa.

Bai yi min tsawa ba. Ya ce "ɗan nan, jinin da ka wuni kana buga waya kana nema fa, don me ba ka zauna ka ce in an rubuta za ta tashi ai za ta tashi ba?" Na yi shiru. Ya ce wanda ya rubuta lafiyar shi ya rubuta jinin da likitan da addu'ar da za su zama sanadi, ita ma addu'ar cikin littafin take, kuma kai ba a nuna maka shafin ba. Sai ya kawo min labarin Sayyadina Umar da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, in kana da raƙuma a kwari gefe ɗaya ciyawa gefe ɗaya fako duk inda ka kora su ai da ƙaddara ka kora. Ya kuma tuna min alƙunut ɗin da Manzon Allah (SAW) ya koya wa jikansa Hasan, "wa ƙini sharra ma ƙadaita", ka tsare ni daga sharrin abin da ka hukunta. Shekara nawa ina karanta ta ban taɓa tsayawa na ji me nake cewa ba.

Na ce to yaron fa Kawu. Nan ya daɗe bai ce komai ba, shi ma ya binne nasa biyu. Can ya ce hadisi ya zo cewa addu'ar musulmi in babu saɓo ko yanke zumunci a ciki ɗayan uku ce, ko a ba shi nan take, ko a ajiye masa sai lahira, ko a kawar masa da wata musiba kwatankwacinta, sahabbai suka ce to ashe sai mu yawaita, aka ce musu na Allah ya fi yawa. Gaskiya ba zan ce zafin ya tafi a wurin ba, har yau in na ga kayan jariran da ta ninke a akwati sai na fita waje. Amma dai na tashi na yi alwala, washegari da hantsi ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Masu zuwa dubiya don Allah ku bari sai bayan la'asar likita ya ce ta samu barci, kuma a taƙaita zancen yaron a gabanta. Wanda ya kira ban ɗaga ba ya yafe ni. Akwai kuloli bakwai da filas biyu a gidanmu ba mu san masu su ba, a turo yara su duba.