Abin da kalangu ya koya mini bayan aji

Ranar da na gaya wa kawuna cewa zan tafi digiri na biyu a kan nazarin kiɗa da al'adun masu yin sa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, gidanmu ba gidan roƙo ba ne." Ban ji haushinsa ba. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an san matsayin da ake ajiye makaɗi, duk da kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Muna son waƙa, muna kuma gudun a ce namu ne mai yin ta.

A aji na fara da tarihin fannin. Wani Bature ɗan Holan, Jaap Kunst, shi ya yayata sunansa na Turanci, ethnomusicology, a 1950. Muka haddace tsarin Hornbostel da Sachs na 1914, wanda ya kasa kayan kiɗa gida huɗu: masu fata, masu tsarkiya, na busa, da waɗanda jikinsu ne ke amo. Muka karanta Kwabena Nketia na Ghana, wanda ya nuna cewa ɗan Afirka na iya nazarin kiɗan gidansu da idonsa. Har ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 na riƙa yawo da shi a jaka. Duk sun amfane ni, amma ba su shirya ni wa zauren da na shiga daga baya ba.

Bincikena a kan kalangun mahauta ne. Na samu wani dattijo da ya gāji kiɗan daga mahaifinsa, na naɗi sautinsa, na koma ɗaki na kwana uku ina mayar da shi alamomi a kan layuka biyar irin na Turawa. Da na kawo masa takardar, ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, to me gangar ta ce?"

Ban da amsa. Na rubuta hawa da saukar amo, na auna tazarar bugu, amma ban san magana ake yi ba. Abin da na ɗauka salo ne ashe take ne, taken wani Sarkin Fawa da ya rasu tun kafin a haife ni. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai sama, akwai ƙasa, akwai faɗuwa. Idan makaɗi ya matse tsarkiyar kalangu a hammata fata ta ɗaure, amo ya hau, idan ya saki ya sauka, da haka ganga ke faɗin suna da kirari. Mahautan da ke zaune a wurin duk sun ji abin da aka ce. Ni mai rikoda ne kaɗai kurma.

Daga ranar na ajiye biro. Na ce, "Baba, a sa ni cikin yara." Wata bakwai ina ɗaukar masa kaya zuwa biki da suna, ina amshi, ina koyon yadda ake shanya fata da yadda damina ke kashe muryar ganga. Mantle Hood, wani masanin fannin, ya rubuta tun 1960 cewa mai nazarin kiɗan wasu sai ya koyi yin sa da hannunsa. Na karanta wannan don jarrabawa, amma sai da yatsuna suka yi kanta na gane nufinsa.

Maganar aiki kuwa, gara a faɗa wa mai niyya gaskiya. Koyarwa a jami'a tana son digiri na uku, guraben kuma ba su da yawa. A Arewa ma yawancin nazarin waƙar baka a sassan Hausa da harsunan Najeriya ake yin sa, irin aikin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana yi a Jami'ar Bayero. Cikin abokan karatuna akwai wadda ta shiga gidan rediyo tana shirya filin makaɗan gargajiya, akwai wanda ke haɗa sauti wa masu fim a Kano. Akwai kuma aikin tattara bayanan al'adu don rajistar UNESCO, hanyar da bikin kamun kifi na Argungu ya bi a 2016, hawan sallar Kano kuma a 2024. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Taya mai adana kayan kiɗan gargajiya. Ko'ina ka je za a tambaye ka abin da hannunka ya iya: naɗar sauti mai kyau, rubuta Hausa daidai, tsara takardar neman tallafi.

Ni ɗakin adana sauti na faɗa, kuma Baba ne sila. Wata rana ina naɗe wayar rikoda ya tambaye ni, "Idan na mutu, jikokina za su ji wannan, ko sai sun je makarantarku?" Tambayar ta tsaya mini a rai, domin muryoyin makaɗanmu da yawa suna kwance a ɗakunan ajiya na ƙasashen waje da na gida, iyalansu ba su taɓa jin su ba. Yanzu aikina shi ne ceto tsofaffin faifai da kaset daga zafi, ƙura da fumfuna, in mayar da su kwamfuta, in rubuta wa ya yi kiɗan, a ina, wa aka yi wa. Wannan rubutun ya fi komai cin rai. Kaset da aka rubuta wa "kiɗan Hausa" kawai ya zama maraya, sai an yi ta bin tsofaffi ana kunna musu kafin a samo mai shi.

Baba ya rasu bara. Bayan sadakar arba'in na kai wa iyalinsa duk abin da na naɗa, awa goma sha ɗaya a memorin waya. Babban jikansa, wanda ke sana'ar acaɓa, ya saurari taken Sarkin Fawa sau biyu, ya shiga ɗaki ya sauko da kalangun daga inda aka rataye shi, ya tambaye ni inda ake samun fata mai kyau.