Daren 23 ga azumi: sifilin da na manta

Makka, unguwar Misfala, bayan sallar asuba.

Sai yanzu na samu na zauna. Tahajjud a Harami ta wuce ni, a ɗakin na'urori na yi 'yan raka'o'ina, sanyin esi na dukan ƙeyata.

Tun bayan la'asar abin ya faro. Mudir, wato manajan otal ɗin da nake aiki, ya kira ni ofis, ya ce dare uku ke nan baƙin otal na ƙorafi kan intanet, jiya ma kwamfutar karɓar baƙi ta tsaya cak ana tsaka da raba katin ɗaki. Shi maganinsa ɗaya ne, a kira kamfanin da ke ba mu intanet a ninka mana layi. Na roƙe shi ya ba ni daren yau tukuna. Ya ce, "Khalas, yau kaɗai." Ina fitowa wata Hajiya 'yar Kano da ke hawa na tara ta tare ni a bakin lif, don ta ji ina Hausa da mai shara. "Ɗan nan, kai ne mai gyaran intanet ɗin? An yi mini jika ranar Juma'a, har yau ban ga idonsa ba. Da an kira sai hoton ya daskare." Na ce, "In sha Allahu yau za ki gan shi, Hajiya." Ban ko duba komai ba na ɗauki alkawari. Halina ke nan, bakina ya fi hannuna sauri.

Shabakarmu, wato haɗin na'urorin da ke raba intanet a otal ɗin, irin wadda manhaja ke jan ragamarta ce, ana ce mata SDN. A tsohon tsari kowane suwic, wato na'urar da ke miƙa saƙo tsakanin na'urori, shi ke yanke wa kansa inda zai tura saƙo, in kuma za ka canja wani abu sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A namu an kwashe wannan tunanin an tara shi a kwantirola guda, suwic ɗin umarni kawai suke karɓa ta OpenFlow, tsarin da ya fito daga Jami'ar Stanford ta Amurka a 2008. Jamarat yake tuna mini kullum. Askarin da ke bakin hanya abin da ke gabansa kaɗai yake gani, masu ɗakin kyamarori kuwa taron duka suke kallo, su ce a dakatar da wannan ayari, a saki wancan.

Na buɗe lissafin dararen ukun. Cunkoson yana da lokacinsa, daga idar da asham zuwa fita tahajjud. Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu, saboda haka in baƙinmu sun dawo ɗaki ƙarfe sha ɗaya, a Kano tara ta yi, an sha ruwa, kowa na riƙe da waya. Wannan dama na zata. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ɓangaren saukewa bai cika ba, na turawa ne ya toshe. Mutum ya wuni yana ɗaukar bidiyon Ka'aba, da wayarsa ta kama wayfai sai ta shiga kwashe komai zuwa ma'ajiyar intanet irin Google Photos ko iCloud, shi bai ma sani ba, yana can yana shan shayi.

Ita kuma rauta, na'urar da ke haɗa mu da layin kamfani, abin da ya yi mata yawa ba ta saurin zubarwa, jera shi take yi a layin jira mai tsawon gaske. Bidiyon ajiya bai damu ba, ko gobe ya isa daidai ne. Murya ce ba ta da haƙuri. Shawarar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce jinkirin murya a tafiya ɗaya ya tsaya ƙasa da milisakan 150 (milisakan dubu ne sakan guda), namu kuwa jiya ya haura sakan guda. Sallamar Hajiya na tsaye a bayan bidiyon wani, kamar mai galan ɗaya da aka sa a bayan tireloli a gidan mai. Shi ya sa ninka layi bai kwanta mini ba. TCP, tsarin da ke jigilar irin wannan kayan a intanet, haka aka gina shi, yana ta ƙara gudu har sai ya ji an fara zubar masa da kaya. Ko nawa ka ba shi zai cinye ya nemi ƙari.

Kafin magariba na raba hanyar gida uku: aikin otal a gaba, kiran murya da na bidiyo na biye, sauran kaya su raba abin da ya rage. Gane kira shi ya fi ba ni wahala, tunda komai a rufe yake tafiya yanzu, ba ka ganin abin da ke ciki. Sai dai ka lura da siffa: ƙunshin murya ƙanana ne, a jere suke zuwa kamar ɗigon famfo, na ajiya kuwa manya ne, a guje. Na kuma rage jimillar abin da muke turawa zuwa kashi 90 cikin 100 na layin, don jiran ya taru a na'urarmu inda nake da iko, ba a ta kamfani ba. Sannan na sa wa kowace waya mita mai ƙayyade gudunta, abin da ya shigo OpenFlow a siga ta 1.3 a 2012. Na gwada a Mininet, manhajar da ke kwaikwayon shabaka, komai lafiya lau. Na sha ruwa da dabino da laban a tsaye.

Ana idar da asham na tura dokokin. Mitar da kilobit ake rubuta ta. 2000 na yi niyya, wato megabit biyu a sakan guda, 200 na buga. A gwajin daidai na rubuta, wajen kwafowa da hannu ne sifili ɗaya ya faɗi. Ban ankara ba sai wayar teburin karɓar baƙi ta fara ruri, ta ƙi tsayawa. Hawa goma sha huɗu, ba wanda ke iya tura ko hoto sai da jan ciki. Da tsohon tsari ne, suwic ɗaya zan ɓata in farga kafin in kai na biyu. Nan kuwa kwantirola bai yi mini gardama ba, cikin ƙiftawar ido ya raba wa kowa kuskurena daidai wa daida. Minti shida na yi ina zargin na'ura kafin na dubi lambar da na rubuta. Gyaran ma haka ya bazu, lokaci guda. Jinkirin ya sauko ƙasa da milisakan 40 ya zauna, alhali layin a cike yake.

Daga nan na bi hawa-hawa da wayata ina gwadawa, ta bene, don lif ba ya samuwa a wannan lokacin. A na tara ban ma ƙwanƙwasa ba, tun daga baranda nake jin guɗa. Hajiya ta leƙo ta gan ni, ta miƙo mini wayar har hancina. "Dubi angona, ɗan nan! Hancin kakansa sak." Jaririn barcinsa yake yi. Ta cusa mini ƙullin kilishi a hannu, na ce ta bari, ta ce in ban karɓa ba ta yi fushi.

Ban ɓoye wa mudir zancen sifilin ba. Ya yi dariya, sannan ya ce duk da haka in nemo masa farashin ƙarin layi kafin daren 27. Ban musa ba, don ranar har baranda za a kwana, kuma tsara layin jira ba ya ƙara wa bututu faɗi. Da azahar zan kira su. Kilishin na yi sahur da rabinsa.