Asabar a Tafkin Jabi, farfela ta ƙi ja

Yau dai kasuwa ta wuce mu, ga shi Asabar ce, ranar da masu fitowa daga Jabi Lake Mall da yaransu ke son a zaga da su tafki a jirgin ruwan da nake tuƙawa. Lodin farko lafiya lau. A na biyu ne da na kai tsakiya na murɗa totur sai injin ya kurma ihu, shi kuwa jirgin da ƙyar yake motsi, in na sassauta wuta sai ya kama ya ɗan ja, in na ƙara sai ya sake saki. Ga kuma wata ƙara siririya wiiii daga can ƙasa wajen giyabos, wadda dama kwanan nan nake jin ta sama-sama. Haka na lallaɓo muka dawo bakin gaɓa, wata Hajiya tana ta salati duk da kowa na sanye da rigar ruwa.

Kafin in ɗaure igiya har an taru, kowa ya zama makanike. Wannan ya ce giyabos ya tafi, wancan ya ce kafireta ce, ni dai ban ga yadda kafireta za ta sa inji ya ƙara gudu ba amma na yi shiru. Oga da na kira shi a waya kalmar giyabos kawai ya ji ya fara faɗa, don ya san kuɗin giyabos na injinmu, Yamaha Enduro 40, ba wasa ba ne. Na ce ranka ya daɗe a bari Baba ya zo tukuna.

Baba mutumin Yauri ne, a bakin kogin Neja ya koyi aikin gyaran injin jirgi, kuma ba ya son surutu. Da ya iso bayan azahar bai ko taɓa sifana ba, tambaya ya fara yi min, ƙarar iri ɗaya ce da sakin ko daban-daban suke zuwa? Na ce Baba ƙarar tana nan ko a hankali nake tafiya, sakin kuwa sai na ba shi wuta. Ya ce to ciwo biyu ne ke nan, kar mu haɗa su. Ya sake tambaya ko ina jin dum! lokaci-lokaci, irin wanda za ka ɗauka kututture ka buga a ƙarƙashin ruwa. Na ce a'a. Ya ce da akwai shi da haƙoran da ke kama giyar gaba ne suka cinye suna tsallakewa, tunda babu, mu fara da mai araha.

Abin da ya fara dubawa zaman injin ne a bayan jirgi. Wannan faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela, wato fankar da ke tura jirgi a cikin ruwa, ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi, in injin ya yi sama da yawa ko an kwantar da shi baya sosai farfela iska take zuƙowa daga saman ruwa, sai ta yi ta juyi a banza, musamman a kwana. Namu yana daidai. Babu leda, babu ciyawa a jikinta, fukafukan ma ba su lanƙwashe ba.

Sai ya ɗauko ƙusa ya ja layi ɗaya tun daga ƙarfen tsakiya inda noti yake har zuwa jikin farfela na waje, ya ce je ka zaga ka ba shi wuta ka dawo. Na je na dawo, muka ɗaga inji, wallahi layin ya rabu biyu, na ciki yana gabas na waje yana yamma. Tsakanin ƙarfen da ke kama shaf da gangar farfelar akwai roba da aka danna da ƙarfi tun daga kamfani, ita ce ta saki. A ƙaramar wuta tana iya riƙewa, da nauyi ya hau sai shaf ya yi ta juyawa a cikinta. Da muka zaro farfelar ga baƙin garin roba nan ya narke a baya, har da wari.

Ya yi min wani lissafi a ƙasa da tsinke wanda ya burge ni. Farfelarmu an buga 13 a jikinta, wato juyi ɗaya inci 13 za ta ci gaba in da ruwa ba ya zamewa. Injin in ya juya sau 2 ita sau 1 take juyawa, to a juyi 5,000 a minti ɗaya ita ta yi 2,500, in ka buga zai ba ka wajen kilomita 49 a awa. Babu jirgin da ke kai wannan, dole a rasa wani abu, in ka samu arba'in da ɗoriya ba lodi lafiya ƙalau ne. Ni kuwa ɗazu da na kunna GPS na waya ko ashirin ban gani ba.

Saura ƙarar. Bayan farfela akwai washa mai kauri, da ya cire ta sai ga igiyar fatsa ta nannaɗe shaf ta shige ciki, ta masu kamun kifin nan ce da ke yar da ita ko'ina, ta yanka sil ɗin da ke tare ruwa. Ya kwance sukurun ƙasa na giyabos sannan na sama, man da ya zubo fari-fari kamar shayi ya ji madara, ruwa ya shiga. Ya murza shi a yatsa yana kallo a rana, akwai ɗan garin ƙarfe laushi amma babu ɓarɓashin haƙori. Ya cire wayoyin filogi, ya sa giya a furi ya juya shaf da hannu, kunnensa a jiki, sannan ya girgiza shi gefe da gefe, sai ga ɗan wasa da gurji kaɗan. Ya ce boris ne ya sha ruwa, giyoyin kam da sauran ƙarfinsu.

Oga ya iso wajen la'asar, da ya ji bayani sai ya ce to a huda farfelar a zura ƙusoshi ko a kai wa mai walda ya haɗe ta da ƙarfen ciki mu ci kasuwar gobe. Na san ana yi, na ga masu yi. Baba ya ce Alhaji ba da hannuna ba, robar nan don ta mutu a madadin giya aka sa ta, ranar da farfela ta daki dutse in babu ita bugun kai tsaye haƙoran giya zai tafi. Ni ma bayan Baba nake, kuma ni ne zan kasance a tsakiyar ruwa da 'ya'yan mutane, sai dai ban faɗa da ƙarfi ba.

A ƙarshe wani abokin aikinmu ya ara mana tsohuwar farfelarsa, amma Baba ya hana a saka jirgin a ruwa sai an canja sil da boris. Ya wanke giyabos ɗin ya ɗura sabon man giya lamba 90 ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama don kar tsatsa ta kama kafin kaya su zo. Gobe da safe zan leƙa Apo, wajen masu sayar da kayan gyara, ko za a dace da boris ɗin, sil kuwa oga ya riga ya kira Legas a sako mana a mota.