Karatun Kula da Hanyoyin Sadarwar Kwamfuta da Tsaronsu, a Idon Ɗalibi Ɗan Karkara

A cikin darussan da ake koyarwa a sashenmu babu wanda ɗalibai suke ɗokinsa tun suna ƙananan azuzuwa kamar darasin kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta da tsaronsu, wanda ba a kai wa gare shi sai an yi nisa a karatu. Dalilin ɗokin ba ɓoyayye ba ne, domin da yawa suna zaton a nan ne za a koya musu kutse, su iya shiga na'urar wani ba da saninsa ba. Mutanen gida ma haka suke ɗauka. A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, kawuna ya taɓa ce mini, "Ɗana, tunda tsaro kuke karanta, ai sai ka gano mana wanda ya kwashe kuɗin asusun Malam Liman." Na ce masa, "Kawu, gano ɓarawo aikin banki ne da hukuma, mu abin da ake koya mana shi ne yadda za a hana shi samun ƙofa tun farko." Abin da darasin ya dasa mini a zuciya shi ne cewa tsaro reshe ne na kula, kuma wanda bai san adadin na'urorin da ke kan hanyar sadarwarsa ba, bai san wanda yake da izinin taɓa kowace ɗaya ba, ba shi da abin da zai iya tsarewa ko da an saya masa kayan tsaro mafi tsada.

Shi ya sa makonnin farko suke ƙarewa a kan lissafin adireshi, abin da yake gajiyar da masu neman burgewa. Kowace na'ura da ke kan intanet tana buƙatar adireshin IP, kuma tsohon tsarin, wato IPv4, an gina shi ne a kan ɗigon lissafi 32, kowane ɗigo ko dai sifili ko ɗaya, wanda ya ba da adireshi kusan biliyan 4.3. Waɗanda suka tsara shi sun ɗauka wannan adadi ya isa duniya, amma a watan Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar adireshin ta ƙare, aka raba ragowar ga hukumomin shiyyoyi, cikinsu har da AFRINIC mai kula da nahiyar Afirka. Sabon tsarin IPv6 mai ɗigo 128 ya warware matsalar yawa, sai dai ofisoshi da makarantu da yawa har yanzu a kan tsohon suke, don haka dole ɗalibi ya iya tattalin adireshi. Idan aka ba ka rukunin 192.168.10.0 mai adireshi 256 aka ce ka raba shi gida huɗu, kowane gida zai sami 64, amma 62 ne kaɗai za ka iya bai wa na'urori, saboda na farko sunan rukunin ne, na ƙarshe kuma na yin shela ga kowa da kowa ne. Wannan ɓangare yana da wata falala ga irinmu: takarda da biro kawai yake buƙata, saboda haka ko a gida lokacin hutu, inda cajin kwamfuta sai an kai shago, mutum yana iya zama ƙarƙashin darbejiya ya yi ta maimaita shi har ya zauna masa.

Amfanin rabon yana fitowa ne idan aka zo maganar wa zai ga wa. Hanyar sadarwar da ba a raba ta ba, kwamfutar akanta da ta magatakarda da wayar baƙon da aka ba shi kalmar sirrin wayifai duk a fili ɗaya suke, kowace tana iya lalubo 'yar'uwarta. Tsarin da ake koya mana ya yi kama da ginin gidan Bahaushe, inda baƙo iyakarsa zaure, ɗan'uwa na kusa yana iya wucewa shigifa, cikin gida sai muharrami, turaka kuwa ta mai gida ce. A kan na'urar suwic, wadda take haɗa kwamfutocin wuri ɗaya ta wayoyi, ana yin wannan rabo da abin da ake kira VLAN, sannan a sa katangar tsaro mai tace bayanan da ke wucewa a tsakani da ƙa'ida guda: a hana komai, sai abin da aka rubuta dalilin barinsa. Haka ma ma'aikata, kowa a ba shi izini daidai gwargwadon aikinsa. A ganina wannan ƙa'ida ta fi wuyar aiwatarwa a wurinmu fiye da kowace, kuma ba na'ura ce ke kawo wahalar ba, kunya ce, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya iya duban shugaban ofis ya ce masa ba zai ba shi babbar kalmar sirri ba.

Akwai wata rana a ɗakin gwaje-gwaje da ta sauya yadda nake kallon aikin gaba ɗaya. Malaminmu ya sa muka buɗe manhajar Wireshark, wadda take kama duk ƙunshin bayanan da ke wucewa ta kan hanyar sadarwa ta baje shi a allo, sannan ya sa wani ɗalibi ya shiga na'urar rauta, wadda take haɗa wata hanyar sadarwa da wata, ta tsohuwar hanyar Telnet. Yana buga kalmar sirrinsa muna ganinta tana fitowa harafi bayan harafi, ajin ya kaure da dariya saboda sunan garinsu ne ya haɗa da shekarar haihuwarsa. Da aka sake shiga ta hanyar SSH, wadda take ɓoye saƙo, sai allon ya cika da tarkacen alamomin da ba su karantuwa. Malam ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce, "Abin da kuka gani yanzu, duk wanda aka damƙa wa hanyar sadarwa yana iya ganinsa a kan mutanen da suka yarda da shi." Daga nan ya karanto mana sassan dokar hana laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, inda shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne mai hukuncin ɗauri ko tara, ya kuma ambaci dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ko gwajin kutsen da ake yi don gano rauni, ba a fara shi sai da rubutaccen izinin mai wurin, wanda ya fayyace iyakar inda za a taɓa.

Da muka shiga nazarin manyan haɗurran da suka faru a duniya, abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda da yawansu suka samo asali daga sakaci ko kuskuren saiti. Intanet tarin hanyoyin sadarwa ne masu zaman kansu, kuma suna sanar da juna adireshin da kowace take iya kaiwa gare su ta wata ƙa'ida mai suna BGP, wadda aka gina ta bisa yarda da maganar maƙwabci. A ranar 12 ga Nuwamba 2018 wani kuskuren saiti a kamfanin MainOne da ke Legas ya sa aka yi shelar hanyar da ba daidai ba zuwa adireshin Google, sai zirga-zirgar bayanai ta karkata ta bi ta Rasha da Sin na tsawon kimanin minti 74. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan sa'a 6, kuma musabbabin umarni ne da aka bayar daga cikin kamfanin lokacin aikin gyara. Hatta WannaCry, manhajar garkuwa da bayanai da ta bazu a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayun 2017 har ta gurgunta asibitoci a Birtaniya, ta ratsa ne ta wata ɓaraka da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris, waɗanda abin ya ci kuwa ba su sabunta na'urorinsu ba ne.

Littattafan sun ce ginshiƙan tsaro uku ne, sirrin bayani da ingancinsa da samuwarsa a lokacin da ake buƙata, amma sun fi zurfafawa a biyun farko, saboda a inda aka rubuta su wutar lantarki da ɗaki mai sanyi ba abin tattaunawa ba ne. A karkarar Jigawa na ukun shi ne kan gaba. Ranar kasuwa idan sabis ya ɗauke, mai POS zai zauna da na'urarsa a hannu, wanda ya sayar da akuya ko buhun riɗi ba zai ga shigar kuɗinsa ba, mai saye kuma ba za a bar shi ya tafi da kaya ba. Wani lokaci dalilin yana can nesa, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta fama har a nan Arewa. Amma galibi dalilin yana kusa: man janaretan turken sabis ya ƙare, ko masu aikin titi sun tsinke wayar fayiba, ko tsawar damina ta ƙone na'ura, ko kuma zafin watan Afrilu da ke haura maki 40 ya sa rauta ta kashe kanta.

Na ga wannan da idona lokacin horon sanin makamar aiki a wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, irin waɗanda suka yawaita tun da JAMB ta koma yin jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta a 2015. Kwamfutoci fiye da 200 ne a zaure guda, duk a jone ta wayoyi da saba guda, wato babbar kwamfutar da sauran suke ɗaukar bayanai daga gare ta. Mai kula da wurin, dattijo ne mai ƙarancin magana wanda muke kira Injiniya, yana da wani littafi mai kauri da ya rubuta lambar kowace kwamfuta da ramin suwic ɗin da wayarta take shiga, kuma kowace waya ya naɗa mata 'yar takarda mai lamba a bakinta biyu. Da safe kafin komai yakan buɗe akwatin na'urorin ya bi su da burushi da abin hura iska, domin ƙurar hunturu tana toshe fanka cikin 'yan kwanaki, sannan ya auna batiran infata ɗaya bayan ɗaya ya rubuta. Wata rana gaba ɗaya zauren ya tsaya cik, fitilun suwic suna ta ƙyaftawa tare kamar sun haukace. Bai taɓa babbar kwamfutar ba, littafinsa ya ɗauka ya bi layi, cikin ɗan lokaci ya tarar da wata waya da wani mai shara ya tsinta a ƙasa ya soke bakinta biyu a suwic ɗaya, bayanai suna ta kewaya ba iyaka. A aji an koya mana ƙa'idar STP da take hana irin wannan kewaye, amma suwic ɗin wurin mai araha ne, ba shi da ita.

Ta ɓangaren mutane kuwa, abin da darasin yake kira yaudarar tunani shi ne ainihin abin da yake cin mutanenmu. Ana kiran dattijo a waya da Hausa tsantsa, a ce daga banki ne, za a rufe asusunsa idan bai karanto lambar BVN da lambar da aka turo masa yanzu ba. Wasu kuma katin cirar kuɗi da lambar sirrin duka suke miƙa wa yaro ko mai shago, domin rubutun da ke kan na'urar ba da harshensu yake ba. Babu katangar tsaron da take maganin wannan, kuma takardun wayar da kai da muke nazari an shirya su ne don ma'aikatan kamfani masu akwatin imel. Ina ganin sanarwa a rediyo ko bayan sallar Juma'a za ta fi su tasiri a nan nesa ba kusa ba.

Ƙannena da suke tambayata inda za su nema, nakan ce musu ba sai sun yi nisa ba, ga Jami'ar Bayero a Kano, ga ta kimiyya da fasaha a Wudil, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ga kuma makarantun fasaha na Kazaure. Sai dai kafin mutum ya zaɓa ya kamata ya tambayi ɗaliban wurin ko ana barinsu su taɓa rauta da suwic na gaske, domin saiti a allo daban, matse kan waya da hannu daban. Manhajar Packet Tracer ta kamfanin Cisco, wadda ake kwaikwayon haɗa hanyar sadarwa da ita a allo, kyauta ce kuma tana tafiya a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, GNS3 ta fi kusa da zahiri amma tana cin ƙwaƙwalwar na'ura, tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux kuwa babu makawa sai an koye shi. Jarrabawar shaidar ƙwarewa ta CCNA tana buɗe ƙofar aiki, amma da dala ake biyan kuɗinta, wanda ga ɗan manomi ba ƙaramin al'amari ba ne, don haka gara a fara ƙwarewa a aikin kafin a tara kuɗin takardar.

Aikin bincikena na kammala karatu a kan samuwa na gina shi. Ina haɗa ƙaramar hanyar sadarwa mai aiki da hasken rana, irin wadda ƙaramin asibiti ko makarantar sakandaren ƙauye za ta iya riƙewa, da wata 'yar kwamfuta da za ta riƙa tambayar kowace na'ura lafiyarta ta ƙa'idar SNMP, tana rubuta zafinta da ƙarfin batir da lokacin da layi ya yanke, ta kuma aika gajeren saƙon waya da Hausa ga mai kula da wurin kafin abin ya kai ga mutuwar na'urar. Malamin da ke duba aikin ya ƙi amincewa da sakamakon da aka samu a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ya ce sai an ajiye kayan a ɗaki mai rufin kwano sun sha zafin bazara da ƙurar hunturu, saboda haka ɗakin ajiyar hatsin mahaifina na nema aro, kuma ya amince bisa sharaɗin in kwashe kayana kafin kaka.